Tikitin Hajiya da lissafin makin katin bashi

A ƙarshen shekarar 2023 mahaifiyarmu ta tafi Amurka domin yi wa matar ƙanena zaman jego, kuma tun daga ranar da ta dawo Gombe labarin da ya fi yawo a unguwarmu ta Jekadafari shi ne labarin kujerar da ta zauna a cikin jirgi, domin ya danne na jaririn da na sanyin ƙasar gaba ɗaya. Duk wadda ta shigo yi mata barka da dawowa sai ta ji yadda kujerar take miƙewa ta zama gado, da yadda aka shimfiɗa mata farin ƙyalle kafin a ajiye abinci, da yadda ta sauka ƙafafunta ba su kumbura ba kamar yadda suka yi mata a tafiyar Umara. Daga nan zancen ya rabu gida biyu. Wasu suka ce yaron ya zuba miliyoyi a kan tikiti ɗaya don a san ya samu, wasu kuma suka ce ai ko kwabo bai biya ba, wani kati ne yake da shi da ake hawa jirgi da shi kyauta. Mutum huɗu ne suka same ni a shago a cikin mako guda suna tambayar yadda za su mallaki wannan kati, kuma tun da na gaji da ba da amsa guntu-guntu, na ga ya fi kyau in zauna in rubuta abin da na fahimta bayan na titsiye ƙanen nawa da tambayoyi, na kuma yi nawa binciken.

Abin da ya faru a zahiri shi ne, yana riƙe da katin bashi na kamfanin American Express wanda ake kira Platinum, kuma ya ɗauki kusan shekara biyu yana tara maki a kansa. Da tafiyar Hajiya ta matso, sai ya tura makin zuwa shirin Aeroplan na kamfanin jirgin Air Canada, ya yi amfani da su ya kama mata kujera a ɓangaren manya na jirgin Ethiopian Airlines, daga Kano zuwa Addis Ababa, daga can zuwa Washington. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne kamfanonin biyu suna cikin ƙawance ɗaya mai suna Star Alliance, inda makin ɗaya yake iya sayen kujerar ɗaya. Ya kashe maki dubu ɗari da 'yan kai a zuwa kaɗai, sannan ya biya harajin filayen jirgi da tsabar kuɗi, domin maki ba ya ɗauke wa mutum haraji. Saboda haka masu cewa kyauta ne sun yi kuskure, masu cewa ya zuba miliyoyi a rana ɗaya su ma sun yi kuskure.

Hanya mafi sauƙi da na samu ta fahimtar makin nan ita ce in kwatanta shi da gyara. Duk wanda ya taɓa awo a Tudun Hatsi ya san cewa idan ya sayi kwano goma na wake, mai awo zai ɗan ƙara masa tafi ɗaya ko biyu a kai, kuma babu mai hankalin da zai ɗauka cewa mai awon ya yi asara, domin gyaran yana cikin farashin tun farko. Haka bankunan Amurka suke yi. Duk lokacin da mutum ya biya kuɗin kaya da kati, mai shagon ba ya karɓar kuɗin cif, ana yanke wani kaso, wanda a kan manyan katunan nan yakan kai kashi biyu zuwa uku cikin ɗari, kuma mafi yawan wannan kaso yana tafiya ne wajen wanda ya ba da katin. Daga cikinsa ake ɗibar wani abu a mayar wa mai katin da sunan maki. Mai shago kuma ba wawa ba ne, ya riga ya cusa wannan kaso a cikin farashin kayansa, don haka har wanda ya zo da tsabar kuɗi yana taya mai katin biyan kujerarsa ba tare da ya sani ba. Wannan ne ma ya sa harkar ta fi ƙarfi a Amurka fiye da Turai: tun shekarar 2015 Tarayyar Turai ta ƙayyade wannan kaso a kan kashi 0.3 cikin ɗari ga katin bashi na ɗaiɗaikun masu saye, kuma da rijiyar ta ƙafe sai gyaran ya ragu.

Tarihin abin ba shi da tsawo. Kamfanin jirgin American Airlines ya buɗe shirinsa na tara maki mai suna AAdvantage a 1981, American Express ya fito da katin Platinum a 1984, amma abin da ya mayar da harkar ta zama ruwan dare shi ne katin Chase Sapphire Reserve da ya fito a watan Agustan 2016. Bankin ya yi alkawarin maki 100,000 ga duk wanda ya karɓi katin ya kashe dala 4,000 a cikin wata uku, kuma mutane suka yi masa caa har ƙarfen da ake buga katin da shi ya ƙare, aka koma bayar da na roba na wucin gadi. Daga nan sauran bankuna suka shiga gasar, har Capital One ya fito da nasa mai suna Venture X a 2021.

Inda masu tambayata suke fara yin shiru shi ne idan na zo kan kuɗin shekara. Waɗannan katunan ba a riƙe su a banza. Lokacin da ƙanena ya kama wa Hajiya tikiti yana biyan dala 695 duk shekara don kawai katin ya ci gaba da zama a aljihunsa, kuma a 2025 an ɗaga kuɗin zuwa dala 895. Katin Chase da ya fara da dala 450 ya koma 550, daga baya ya kai 795 a shekarar 2025, yayin da na Capital One ya fito a kan dala 395. Idan mutum ya lissafa dala 895 a kan canjin shekarar 2025 da ya haura naira 1,400, zai ga kuɗin ya wuce naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, wato kuɗin hayar gida mai kyau na shekara a unguwanni da yawa na Gombe. Na tambayi ƙanena ko bai ga wannan a matsayin almubazzaranci ba, sai ya ce mini, “Yaya, idan da ba na tafiya, wallahi da asara ce tsagwaronta, kuma na san abokan aikina da suke biya duk shekara don kawai a ji ƙarar ƙarfen idan sun ajiye shi a kan tebur.”

Yadda yake fanshe kuɗin nasa ya kasu ne tsakanin abubuwa da dama, kuma ba duka ne na yarda da lissafinsa a kansu ba. Akwai kuɗin da kamfanin yake mayar wa mutum idan ya kashe a wasu wurare da aka ƙayyade. Misali mafi tsabta shi ne na katin Chase, wanda yake mayar da dala 300 na farko da mutum ya kashe a kan tafiya duk shekara, ko tikiti ne ko otal, don haka wanda dama zai yi tafiya ya rage dala 300 daga kuɗin shekararsa kai tsaye. Na American Express kuwa an daddatsa shi ne ƙanana-ƙanana, wani na otal, wani na motar haya, wani na kallon fina-finai, wasu ma sai an yi amfani da su wata-wata ko su ƙone. A nan ne na ce masa lissafin da ake yi a tallar katin ya yi kama da na wanda aka ba shi takardar rangwamen sayen sirdi alhali ba shi da doki: rangwamen da ya tilasta maka sayen abin da da can ba za ka saya ba, ƙarin kashe kuɗi ne aka lulluɓe shi da sunan sauƙi. Ya amsa cewa shi ma ba ya ƙirga komai a lissafinsa sai abin da dama yana cikin kasafinsa, kuma ina ganin wannan ita ce ƙa'idar da ta raba wanda yake cin moriyar katin da wanda katin yake cin moriyarsa.

Sai kuma ɗakunan hutu na filayen jirgi. Manyan katunan nan sukan zo da rajistar Priority Pass, wadda take buɗe wa mutum ƙofar ɗakunan hutu sama da dubu a duniya, inda zai sami kujera mai laushi, abinci, wurin cajin waya, wani lokaci har da wurin wanka. Duk wanda ya taɓa kwana a kan benci a filin jirgin Addis Ababa ko na Alƙahira yana jiran jirgin asuba ya san darajar wannan, kuma ban raina ta ba. Akwai kuma inshorar jinkirin jirgi da ɓatan kaya idan da katin aka sayi tikitin, da kuma yafe kason nan na kusan kashi uku cikin ɗari da ƙananan katuna suke cira idan an yi sayayya a wata ƙasa. Waɗannan duka amfani ne na gaske, sai dai amfani ne ga mai tafiya sau huɗu ko biyar a shekara. Wanda tafiyarsa ɗaya ce a shekara biyu, ya fi masa araha ya biya kuɗin shiga ɗakin hutun a ƙofa a ranar da ya buƙata.

Asalin ribar tana cikin yadda ake kashe makin, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi ba ni sha'awa a matsayina na ɗan kasuwa, domin maki ba shi da farashi ɗaya. Idan mutum ya nemi a mayar masa da makin kuɗi, mafi yawan abin da zai samu shi ne kashi ɗaya cikin ɗari na dala a kan kowane maki, wani kamfanin ma ƙasa da haka, wato maki 100,000 ya zama dala 1,000 ko ƙasa. Amma idan ya tura makin zuwa shirin wani kamfanin jirgi ya kama kujerar manya da ake sayarwa dala dubu uku ko huɗu, sai makin nan ya ninka darajarsa sau uku ko huɗu. Hatsi ɗaya ne, amma farashinsa a kasuwar ƙauye ranar kaka daban yake da farashinsa a birni a tsakiyar damina. Sai dai a nan ma akwai wata yaudarar kai da ya kamata a faɗa: ƙanena ba zai taɓa cire dala dubu huɗu daga aljihunsa ya saya wa kowa tikitin zuwa kaɗai ba, don haka ba daidai ba ne ya ce ya tsira da dala dubu huɗu. Abin da ya tsira da shi shi ne kuɗin tikitin gama-gari da zai saya, sannan ya sami ƙarin hutun tsohuwa a kai, wanda ni a wurina ya isa dalili, tun da mace mai shekara saba'in da ciwon gwiwa ba ta da abin da ya fi mata miƙe ƙafa a tafiyar da ta haura awa ashirin.

Ba kuma a kowace rana ake samun kujerar maki ba. Kamfanonin jirgi 'yan kujeru kaɗan suke warewa, kuma a lokutan cunkoso kamar ƙarshen Disamba, ko goman ƙarshe na Ramadan a hanyar Jidda da Madina, da wuya a same su. Ƙanena ya yi mako uku yana dubawa kafin ya dace da rana, kuma Hajiya ce ta bi ranar da aka samu, ba ranar ce ta bi Hajiya ba. Haka kuma idan aka tura maki daga kati zuwa kamfanin jirgi, ba ya dawowa, don haka wanda ya tura kafin ya tabbatar da kujera zai iya wayar gari da makinsa a maƙale a inda ba ya so. Wasu kamfanonin, irin su British Airways, sukan ɗora wani ƙarin kuɗi mai nauyi a kan tikitin maki, har mutum ya ga abin da ya biya da hannu ya kusa kuɗin tikitin gama-gari. Sannan kamfanin jirgi yana da ikon ya tashi wata rana ya ƙara yawan makin da ake buƙata ba tare da neman izinin kowa ba, wanda ya sa tara maki shekara da shekaru ba tare da kashewa ba ya zama kamar ajiye naira a ƙarƙashin katifa.

Yanzu in zo kan abin da ya fi kowanne nauyi a wurinmu, wanda masu tallar katunan nan ba su da dalilin ambatonsa, wato kuɗin ruwa. Katin bashi sunansa ya faɗi abin da yake: banki ne yake biya maka, kai kuma ka biya shi a ƙarshen wata. Idan ka biya duka kafin wa'adi ba a ɗora maka komai, idan kuwa ka bar saura, sai ruwa ya fara hawa, kuma a Amurka a shekarun 2023 da 2024 matsakaicin ruwan katin bashi ya haura kashi 20 cikin ɗari a shekara. Lissafin ba ya buƙatar kwamfuta. Wanda ya bar bashin dala 5,000 ya shekara a kansa zai biya ruwan da ya kai dala 1,000, alhali makin da ya samu a kan wannan sayayya bai fi na dala hamsin zuwa ɗari biyu ba. Wani ɓangare na kujerar da masu wayo suke kwanciya a kai, waɗanda suka kasa biya a kan lokaci ne suke ɗaukar nauyinta.

Ta fuskar shari'a kuwa, na kai maganar gaban malamin da muke karatu a wurinsa bayan magariba. Na ce, “Allah gafarta Malam, idan mutum ya tabbata zai riƙa biya kafin wa'adi, ruwa ba zai taɓa hawa kansa ba, ina matsayin katin?” Ya ce mini matsalar tana farawa ne tun daga sa hannu, kafin ma a zo maganar biya, domin mutum ya amince a rubuce cewa zai ba da ruwa idan ya makara. Da na bincika daga baya na tarar da cewa wannan shi ne matsayin Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Riyad a shekarar 2000, inda ta yanke cewa bai halatta a bayar ko a yi amfani da katin bashi mai sharaɗin ruwa ba, ko da mai katin ya ƙudurta biya a cikin kwanakin da ba a caji. Akwai malaman da suka sassauta wa Musulmin da ke zaune a ƙasashen Yamma, inda kama hayar gida ko ta mota yake wuya ga wanda ba shi da tarihin bashi, bisa sharaɗin ya riƙa biya gaba ɗaya a kan lokaci, kuma da wannan fatawar ƙanena yake aiki, har ya saita asusunsa yana biyan katin da kansa duk wata. Ni ba malami ba ne, ba zan yanke wa kowa hukunci ba, amma ina ganin akwai bambanci tsakanin wanda larurar zama ta sa ya riƙi kati sannan ya ci moriyar makinsa, da wanda yake zaune a Gombe babu abin da ya matsa masa, yana neman hanyar shiga yarjejeniyar ruwa don kwaɗayin kujera. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf an samar da mafita, domin bankuna irin su Emirates Islamic suna da katunan da suke tara makin Skywards bisa tsarin da kwamitin malamansu ya amince da shi, amma waɗannan na mazauna can ne masu albashi a can.

Wannan ya kawo ni ga amsar da na ba mutum huɗun nan, wadda ba ta yi musu daɗi ba. Katunan Amurka na mazauna Amurka ne: ana buƙatar adireshi a can, da lambar shaidar biyan haraji ta can, da tarihin bashi da aka gina a hankali. Duk wanda ya ce zai buɗe maka irin wannan kati daga nan idan ka tura masa kuɗi da hoton fasfonka, ka riƙe kuɗinka da fasfonka. Haka ma masu sayar da maki ko tikitin maki a intanet da rabin farashi, domin dokokin kamfanonin jirgi sun hana sayar da maki, kuma suna da ikon soke tikitin ko da mutum ya riga ya isa filin jirgi da kayansa. Abin da ya halatta a yawancin shirye-shiryen shi ne mai makin ya kama wa wani tikiti da sunansa a matsayin kyauta, kamar yadda aka yi wa Hajiya.

A nan gida kuwa, katin da yake aljihun mafi yawanmu na cirar kuɗinmu ne da muka ajiye, ko Verve ne ko Mastercard ko Visa, kuma mu ne ma muke biyan mai POS ladan cirar, balle a yi maganar gyara. Waɗanda suke tafiya sun tuna yadda a 2022 bankuna suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa. A tsakanin 2022 da 2023 ne kuɗin kamfanonin jiragen waje da suka maƙale a Najeriya ya haura dala miliyan 800, kamfanonin suka janye tikitocinsu masu araha daga kasuwarmu, Emirates ma ya dakatar da zuwa a ƙarshen 2022 bai dawo ba sai a watan Oktoban 2024. Ƙasar da take fama da irin wannan ba ta kai ga gasar maki ba tukuna. Gaskiya ne wasu bankunanmu suna ba manyan abokan hulɗarsu katunan Visa ko Mastercard masu daraja, galibi a kan asusun dala, waɗanda suke zuwa da izinin shiga ɗakin hutu sau kaɗan a shekara. Wanda yake da irin wannan asusu ya kamata ya tambayi bankinsa dalla-dalla sau nawa ne izinin, ko ya haɗa da abokin tafiya, da nawa ake cira a shekara, domin na san mutanen da suke da wannan dama a aljihunsu shekara da shekaru suna zama a kan benci saboda babu wanda ya gaya musu.

Abin da yake hannunmu duka, kuma babu bashi ko ruwa ko kuɗin shekara a cikinsa, shi ne rajista da shirin makin kamfanin jirgin kansa. Ethiopian yana da ShebaMiles, EgyptAir yana da EgyptAir Plus, Turkish yana da Miles&Smiles, Saudia yana da Alfursan, Qatar Airways yana da Privilege Club, Emirates yana da Skywards, kuma rajistar kowanne kyauta ce, minti biyar ne a waya. Fatakenmu masu zuwa Dubai da Guangzhou da Alƙahira sau uku ko huɗu a shekara, da masu zuwa Umara duk Ramadan, suna zubar da dukiya a hanya ba su sani ba. Dabarar ita ce mutum ya zaɓi ƙawance ɗaya ya tsaya a kansa: Ethiopian da EgyptAir da Turkish duk suna cikin Star Alliance, don haka lamba ɗaya ta isa a tara makin ukun a wuri guda, maimakon a warwatsa su gida uku inda babu wanda zai kai ko'ina. Wanda ya yawaita tafiya har ya hau mataki na zinariya a wannan ƙawance yana samun ɗakin hutu da ƙarin nauyin kaya ko da tikitin gama-gari ya saya, kuma duk ɗan kasuwar da ya taɓa biyan kuɗin ƙarin kaya a hanyar dawowa daga Sin ya san cewa jaka ɗaya ta kilo 23 ba ƙaramin abu ba ce. Jiragen aikin Hajji da hukumar alhazai take shiryawa, waɗanda suke ɗibar maniyyatanmu daga filin jirgin Lawanti, tsarinsu daban ne, kujera ce ta jimla da aka biya ta hannun hukuma, don haka kada maniyyaci ya sa rai da maki a nan.

Ni kaina na yi asara a wannan fanni kafin in koyi darasi, kuma asarar ta zo ne ta hanyar da ta shafi kusan kowane Bahaushe, wato rubutun suna. Na yi rajista da wani kamfanin jirgi na rubuta sunana yadda nake rubuta shi kullum, alhali a fasfo an rubuta shi da wasu haruffa daban, kamar yadda Muhammad yake komawa Mohammed, ko Abubakar ya rabu gida biyu. Na yi tafiya uku ina ba ejen ɗina lambar, ina ganin maki yana taruwa, ashe ko ɗaya bai shiga ba saboda sunan tikiti da na rajista ba su dace ba, a tafiya ɗaya ma ejen ɗin bai shigar da lambar ba sam. Da na farga na nemi a mayar mini, sai aka ce wa'adin neman makin tafiyar da ta wuce 'yan watanni ne kawai, biyu daga cikin ukun sun riga sun fita, ta ukun kuma aka nemi katin shiga jirgi wanda na daɗe da yarwa. Tun daga nan nake duba tikiti da idona kafin in bar ofishin ejen, in tabbatar lambar tana jiki, in sake nuna ta a wurin auna kaya, kuma ba na yar da katin shiga jirgi sai na ga makin ya sauka. Na kuma gane cewa tikiti mafi araha wani lokaci rabin maki yake bayarwa ko ƙasa da haka, kuma makin yana da ajali: na Skywards yana ƙonewa bayan kimanin shekara uku, don haka mai tarawa ya riƙa duba kwanan watan.

Makin da na tara daga bara zuwa yanzu bai kai na kujerar manya ba, kuma ba na tsammanin zai kai nan kusa, amma lissafina ya nuna zai isa tikitin gama-gari ɗaya zuwa Jidda idan na ƙara tafiya biyu a kai, in Allah ya yarda, kuma na riga na yi wa uwargida alkawarinsa. Hajiya kuwa da ta ji ana shirin wata tafiyar, ta aika wa ƙanena saƙon murya cewa ita fa yanzu ta san hanya, idan ba a sami kujerar nan mai kwanciya ba, a bar ta a Jekadafari su kawo mata jikan ta gan shi a nan. Ya ce mini ya duba asusunsa, saura maki dubu arba'in.